Jagorar Zaɓen Konsatina, Sayenta da Koyon Kaɗa Ta

Konsatina ƙaramin kayan kiɗa ne mai fuska biyu na katako, galibi masu kusurwa shida, waɗanda aka haɗa da zuga-zugin fata a tsakaninsu. Mai kaɗawa yakan riƙe ta da hannu biyu, ya danna maɓallai da yatsu, ya tura ko ya ja, sai iska ta bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe da ke ciki, su girgiza su fitar da amo. Faɗin fuskarta bai cika wuce inci shida da ɗan ɗoriya ba, nauyinta kuma yakan tsaya tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi. Mutane da yawa suna rikita ta da akodiyon, irin wanda marigayi I.K. Dairo ya shigar cikin kiɗan juju, amma ba ɗaya ba ne. Akodiyon ana rataya shi a ƙirji, yana kuma da maɓallan da kowannensu ke fitar da sautuka da yawa a haɗe, ita kuwa konsatina a kan cinya ake ɗora ta, kuma kowane maɓalli sauti ɗaya yake bayarwa a lokaci guda.

Asalinta ya rabu gida biyu, kuma sanin wannan zai hana mai saye yin asara. A Landan, masanin kimiyya Charles Wheatstone ya yi rajistar ƙirarsa ta farko a 1829, ya kuma yi rajistar ingantacciyar konsatina a 1844. A garin Chemnitz na Jamus, Carl Friedrich Uhlig ya fito da tasa a 1834, da tsarin maɓallai dabam. Ta Ingila ta fara ne a matsayin kayan masu hali, ta Jamus kuwa mai araha ce, ita ce ta shiga gidajen manoma da ma'aikata. Daga baya maƙeran Landan suka ɗauki tsarin maɓallan Jamus suka haɗa shi da ingancin aikin Ingila, aka sami wadda ake kira Anglo. Har yau waɗannan iri-iri suna kama da juna a ido, amma wanda ya ƙware a ɗaya, idan aka miƙa masa ɗaya, sai ya koma ɗan koyo.

Mataki na farko: a saurara kafin a taɓa aljihu

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sayi konsatina tukuna, sannan ya shiga neman kiɗan da zai yi da ita. Kamata ya yi ka fara sanin kiɗan da ya kama maka rai, domin shi ne zai zaɓa maka irin da za ka saya. Ka ware 'yan makonni kana sauraron manyan al'adu uku da wannan kaya ya yi kaka-gida a cikinsu.

Ta farko ita ce ta ƙasar Ayilan, musamman gundumar Clare da ke yammacin ƙasar. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, konsatinar Jamus mai araha ta cika gidajen karkara a can, kuma mata ne suka fi kaɗa ta a raye-rayen cikin gida. Elizabeth Crotty ta garin Kilrush, wadda ta rayu daga 1885 zuwa 1960, ita ce ta fi shahara a cikinsu, bayan da gidan rediyon ƙasar ya naɗi kiɗanta a shekarun 1950. Idan ka saurare ta za ka ji kiɗa marar yawan ado, mai tsayayyen taki, wanda aka yi shi don ƙafafun masu rawa. Daga nan ka koma kan Noel Hill, shi ma ɗan Clare, wanda ya ɗaga martabar kayan tun daga shekarun 1970 da saurin yatsu da yawan ado, sannan Mary MacNamara ta garin Tulla, wadda kiɗanta ke tafiya a natse ba gaggawa. A ganina ɗan koyo ya fi ƙaruwa da irin su Crotty da MacNamara, domin kunne yana iya rarrabe kowane sauti da suke fitarwa. Abin da ya kamata ka kasa kunne a kansa shi ne inda mai kiɗan yake ɗan ƙara nauyi a cikin taki, da 'yan gajerun giɓin da yake bari tsakanin sauti da sauti, domin a nan ne ɗagawar da ke sa a tashi rawa take.

Ta biyu ita ce ta Ingila, inda Anglo ke raka rawar gargajiya ta Morris, wadda ake yi da ƙararrawa a ƙafa da sanduna ko ƙyallaye a hannu. A ranar 26 ga Disamba, 1899, Cecil Sharp ya ga masu wannan rawa a Headington kusa da Oxford, ya nemi mai kaɗa musu konsatina, wani magini mai suna William Kimber, ya rubuta waƙe-waƙensa. Wannan haɗuwa tana cikin abubuwan da suka farfaɗo da kiɗan gargajiyar Ingila. Salon Kimber ya sha bamban da na Ayilan: hannun dama yana ɗauke da waƙar, hannun hagu yana sara mata gajerun sautuka a haɗe, har ka ɗauka mutum biyu ne ke kiɗa.

Ta uku kuwa a nahiyarmu take, a Afirka ta Kudu. Buwa, wato Turawa manoma masu jin Afirkans, sun mayar da konsatina jigon kiɗan rawarsu. A ɗaya ɓangaren, ma'aikatan haƙar ma'adinai Zulu da Sotho da Xhosa sun riƙa sayen masu araha a kantunan mahaƙa, suna sauya jeren harsunan ƙarfen don su dace da waƙoƙinsu, suna kaɗa gajeren zagaye mai maimaituwa wanda murya ke hawa a kansa. Mai kunnen da ya saba da kiɗan Afirka zai fi saurin gane wannan salo. Akwai kuma 'yan uwanta manya, irin su bandoniyon na kiɗan tango a Ajantina, amma waɗannan wani fage ne dabam.

Mataki na biyu: zaɓen tsari

Anglo ita ce wadda kowane maɓallinta ke da sauti biyu, ɗaya idan ka tura, wani idan ka ja. Sautuka masu kauri suna hannun hagu, masu siriri suna dama. Mai maɓalli 20 tana da layi biyu a kowane gefe, ɗaya na tsanin sautin C, ɗaya na G. Mai maɓalli 30 tana da ƙarin layi na uku, inda aka zuba sautukan tsakani da kuma wasu sautukan da aka maimaita ta akasin hanya. Wannan layi na uku ba ƙawa ba ne. Yawancin waƙoƙin Ayilan a tsanin D da G suke, tsanin D kuma ba ya cika sai da sautin C mai ɗagawa, wato na tsakanin C da D, wanda babu shi sam a mai maɓalli 20. Saboda haka duk mai nufin kiɗan Ayilan ya nemi Anglo mai maɓalli 30 a tsarin C da G. Mai son raka rawar Ingila yana iya zaɓar wannan, ko kuma ta G da D, wadda muryarta ta fi kauri.

Akwai wani bambanci a cikin Anglo ɗin kanta da dillalai ba su cika bayyana wa ɗan koyo ba. Layi na uku na hannun dama yana zuwa a jeri biyu, na Wheatstone da na Jeffries. A na Wheatstone, sautin C mai ɗagawa na tsakiya yana fita ne da turawa kawai, a na Jeffries kuwa ana samunsa da turawa a wani maɓalli, da ja a wani. Masu kiɗan Ayilan da yawa sun fi son na Jeffries saboda wannan sauƙi, amma duka biyun ana yin kiɗa mai kyau da su. Abin lura dai shi ne ka san wanda kake saye, kuma idan kana da malami, ka bi irin nasa.

Ta Ingila, wato ainihin ƙirar Wheatstone, kowane maɓalli sautinsa ɗaya ko an tura ko an ja. Wadda aka fi sani tana da maɓalli 48, kuma sautinta na ƙasa daidai yake da na goge irin na Turawa. Ana riƙe ta da babban yatsa a cikin ɗan madauki, ƙaramin yatsa kuma a kan wani ɗan ƙarfe. Tsanin sautinta yana tsallake ne tsakanin hannaye, wannan sauti hagu, mai bi masa dama, wanda ke sa waƙa mai gudu ta zo da santsi. Alistair Anderson na yankin Northumberland ya nuna iyakar abin da za a iya yi da ita a kiɗan gargajiya. Ta dace da mai karanta rubutaccen kiɗa da mai son raka muryarsa.

Iri na uku ana ce masa Duet. Shi ma sauti ɗaya ne ga kowane maɓalli, amma an raba masu kauri hagu, masu siriri dama, yadda hannu ɗaya zai riƙe waƙa ɗaya kuma ya raka. Tsare-tsarensa sun haɗa da Maccann, da Crane wanda ƙungiyar Kirista ta Salvation Army ta yi amfani da shi sosai, da Hayden. Ba na ba ɗan koyo shawarar farawa da shi sai in yana da ƙwaƙƙwaran dalili, domin malamai da littattafansa ba su da yawa, kuma idan ya so sayarwa masu saye kaɗan ne.

Mataki na uku: sanin daraja da kuɗi

Abin da ke raba farashi shi ne irin harsunan da ke ciki da yadda aka haɗa sandunan da ke ɗaga matosai, wato 'yan marufan da ke buɗe wa iska hanya idan an danna maɓalli. Ana iya kasa kasuwar gida uku.

Kashi na ƙasa shi ne na 'yan koyo, waɗanda galibi ake ƙerawa a Sin ko Italiya da harsunan akodiyon. A nan akwai Rochelle ta tsarin Anglo da Jackie ta tsarin Ingila, dukansu na kamfanin Concertina Connection, da Wren ta kamfanin McNeela na Dublin, da Stagi ta Italiya. Kuɗinsu 'yan ɗaruruwan fam ɗin Ingila ne. Zuga-zuginsu yakan yi tauri da farko, wasu kuma sun fi girman da aka saba, amma sautukansu daidai suke, kuma suna isar mutum shekara ɗaya ko biyu. Wasu dillalan sukan karɓi tsohuwar su rage maka kuɗi idan za ka sayi babba a wurinsu, don haka ka tambayi wannan tun kafin ka biya. Abin da za a guje wa shi ne masu ƙyalli marasa sunan maƙeri da ake tallatawa a intanet da arha mai ban mamaki. Maɓallansu suna maƙalewa, iskarsu tana zurarewa, kuma ɗan koyo ba zai iya gane ko laifinsa ne ko laifin kaya ba, har ya yanke ƙauna ya jefar. Araha dai ba ta ado.

Kashi na tsakiya shi ne wanda aka yi jikinsa da hannu irin aikin gargajiya, amma aka sa masa harsunan akodiyon masu inganci. Morse a Amurka, Edgley a Kanada, Marcus da A.C. Norman a Birtaniya suna cikin sanannun sunaye. Kuɗinsu yakan haura fam dubu ɗaya, wani lokaci ya ninka haka har fiye. Suna da sauri da sauƙin nauyi, kuma ga mafi yawan mutane sun wadatar har ƙarshen rayuwa.

Kashi na sama shi ne mai ainihin harsunan konsatina, inda kowane harshe ke da nasa ɗan firam na tagulla, an zura shi cikin wata tsaga a faifan katako, galibi an jera su kewaye. Wannan ne ke ba da amon nan mai kaifi da tsabta. Sababbinsu suna fitowa daga maƙera irin su Dipper a Ingila, Suttner a Jamus, Carroll da Wakker a Amurka, kuɗinsu dubban fam ne, kuma mai oda yakan jira shekaru. Tsofaffinsu kuwa su ne na Wheatstone, Lachenal, Jeffries, Crabb da Jones. Kamfanin Lachenal, wanda ya rufe a 1933, shi ya fi kowa yawan ƙira, don haka kayansa sun fi yawa a kasuwa, daga masu sauƙin daraja zuwa na ƙwarai. Masu harshen tagulla muryarsu tana da taushi amma ba su da saurin amsawa, masu harshen baƙin ƙarfe sun fi ƙara da sauri. Jeffries ita ce abin nema ga masu kiɗan Ayilan, kuma tsadarta ta sa an sha buga sunan a jikin wadda ba ita ba. Idan Wheatstone ce aka kawo maka, ka duba lambarta, domin littattafan ajiyar kamfanin suna gidan tarihi na Horniman a Landan, an kuma sa su a intanet.

Mataki na huɗu: duba kaya kafin biya

Tsohuwar konsatinar da ba a gyara ba, wadda aka tsinto a ɗakin ajiya, ba ta ɗan koyo ba ce, domin kuɗin gyaranta yana iya wuce kuɗin sayenta. Ko an ce an gyara, ga yadda ake dubawa.

Ka fara da iska. Ka rufe zuga-zugin gaba ɗaya, ka riƙe fuska ɗaya sama, ka saki ɗayar ta rataya ba tare da ka danna komai ba. Mai lafiya za ta riƙa buɗewa a hankali ƙwarai, kamar ba ta so. Wadda ta zube cikin 'yan daƙiƙu tana yoyo. Sai ka kusanto da ita fuskarka ka matsa kaɗan, ka bi kusurwoyin ninkin ɗaya bayan ɗaya, domin leɓe da kunci suna jin iskar da kunne ba ya ji. Ka ƙirga ninkin: Anglo tana buƙatar shida ko bakwai, mai biyar za ta riƙa ƙure maka numfashi.

Daga nan ka bi kowane maɓalli, turawa da ja, da farko a hankali sosai, sannan da ƙarfi. Harshe mai kyau yana amsawa nan take ko da iska kaɗan. Wanda sai an matsa kafin ya yi magana, ko ya shaƙe idan an ƙara ƙarfi, ko yake kurman ƙara, ka rubuta shi. Ka duba ko maɓallan tsayinsu ɗaya, ko kuma suna komowa da sauri idan an sake su. Ka sa manhajar auna sauti a wayarka ka gwada sautin A: ma'aunin yau girgiza 440 ne a daƙiƙa, tsofaffi da yawa kuwa an daidaita su ne a sama da haka, wajen 452. Irin wannan tana da daɗi idan kai kaɗai ne, amma ba za ta shiga cikin sauran makaɗa ba sai an sake gyara kowane harshe, aikin da ba shi da arha.

Ka shinshina ta. Warin danshi alama ce ta tsatsa a ciki. Ka nemi 'yan ƙananan ramuka a katakon, aikin ƙwari. Sannan ka roƙi mai kayan ya buɗe fuska ɗaya a gabanka, ko ya aiko da hotunan ciki idan nesa kuke. Abin dubawa shi ne tsatsa a kan harsuna, da ko an kankare su har sun yi siriri fiye da kima, da 'yan leɓunan fatar da ke rufe ramukan iska, ko suna kwance ko sun nannaɗe sun bushe, da faifan katakon, ko ya karkace ko ya tsage. Mai sayarwar da ya ƙi nuna ciki, ka bar masa kayansa.

Idan daga ƙetare za a aiko maka, ka saya a wurin dillalin da ke ba da damar mayarwa, ka nemi bidiyon da aka danna kowane maɓalli, ka kuma lissafa kuɗin jigila da na kwastan a cikin farashi. Ka tambayi irin katakon da abin da aka yi maɓallan da shi, domin akwai dokokin duniya kan fataucin hauren giwa da wasu itatuwa, kuma tsofaffin kayan kiɗa sukan faɗa cikinsu, ko da yake yawancin fararen maɓallai na ƙashi ne. Mafi aminci shi ne wani matafiyi ya riƙo ta a hannu cikin jirgi.

Mataki na biyar: makonnin farko da Anglo

Ka zauna a kujera marar hannu, ka ɗora gefen katakon fuskar hagu a kan cinyarka ta hagu, ka bar hannun dama ya riƙa tafiyar da zuga-zugin. Kada fatar ta riƙa gogar gwiwa, domin nan ne take fara hujewa. Ka zura yatsu huɗu ƙarƙashin madaurin, babban yatsa a waje. Madaurin kada ya matse har yatsu su kasa kai wa layi na uku, kada kuma ya yi sako-sako har hannu ya riƙa rawa idan ka ja. Kusa da babban yatsanka na dama akwai maɓallin iska, wanda ke buɗe hanya ba tare da sauti ba. Ƙa'ida ce da ba a karyawa: ba a ja ko tura zuga-zugi sai an danna wani maɓalli ko na iska.

Darasin farko sauti ɗaya ne kawai. Ka danna maɓalli ɗaya, ka ja a hankali har zuga-zugin ya kusa ƙarewa, kana ƙoƙarin kada ƙarar ta hau ko ta sauka. Kamar zuga-zugin maƙera ne, inda yaron da ya iya aiki yake ba wuta iska daidai wa daida, ba fizga ba. Ƙarfin sauti daga hannu yake fitowa, danna maɓalli da ƙarfi ba ya ƙara komai.

Sai tsanin C, a layin tsakiya. Ka aza manuniyar hagu a maɓallin da ya fi kusa da babban yatsa, sauran yatsu su bi a jere. Yatsan zobe: turawa C, ja D. Yatsan tsakiya: turawa E, ja F. Manuniya: turawa G, ja A. Daga nan sai ka tsallaka dama, inda tsarin yake juyewa: manuniyar dama, ja B, turawa C. A wannan juyi ne kowa yake tuntuɓe, domin sautuka biyu, A da B, suna biyo juna duka da ja. Ka maimaita shi har hannu ya daina tambayar ƙwaƙwalwa. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku a ƙarshen mako.

Idan wannan ya zauna, sai ka fara neman sautukan da suke a wuri biyu, domin su ne sirrin kiɗan Ayilan. Misali, maɓalli na biyu na layin C a dama yana ba da E da turawa, D da ja, alhali maɓallin manuniyar hagu a layin G yana ba da D da turawa, E da ja. Ke nan kana da zaɓi. Idan waƙa ta daɗe tana ja har hannayenka sun buɗe, ka ɗauki sautin ta hanyar turawa ka mayar da iska. Idan kana son jimla ta tafi da santsi, ka zaɓi maɓallan da ke tafiya hanya ɗaya, idan kuma kana son ta yi tsalle, ka sauya hanya. Ka kuma horar da babban yatsanka ya riƙa satar iska kaɗan-kaɗan yayin da wani sauti ke fita, maimakon ka tsaya ka yi dogon shaƙa a tsakiyar waƙa. Wata ɗabi'a da ya kamata a kashe tun da wuri ita ce tsallaka yatsa ɗaya daga maɓalli zuwa wani a jere, domin tana yanke waƙa, kuma idan sauri ya zo ba ta yiwuwa.

Mataki na shida: waƙoƙi da zama cikin makaɗa

Waƙoƙin rawar Ayilan galibi kashi biyu ne, kowanne gaɓa takwas, ana maimaita kowane kashi sau biyu. Ka fara da folka, mai bugu biyu, sannan jig, wanda ke tafiya uku-uku, ka bar ril sai daga baya, domin shi ne mai gudu. Ka koya da kunne: ka saurari waƙa har ka iya rera ta da baki, sannan ka neme ta a maɓallai jimla-jimla, kana rage saurin naɗin idan ya cancanta. Adon kiɗa, irin ɗan taɓa wani maɓalli cikin ƙiftawar ido kafin ainihin sautin, ko kaɗa sauti tare da ɗan uwansa na ƙasa, ya jira sai takinka ya tsaya.

Makaɗan Ayilan suna da zaman da suke yi a da'ira, kuma yana da ladubba. Baƙo yakan saurara tukuna, ya nemi izini kafin ya zauna, ba ya lalube a waƙar da bai sani ba, kuma wanda ya fara waƙa shi ke da saurinta. Yawancin irin wannan zama a mashaya ake yi, wanda ba kowa zai iya zuwa ba. Mazauna Birtaniya da Ayilan da ke son kauce wa hakan suna iya neman ajujuwan ƙungiyar raya kiɗan Ayilan ta Comhaltas, wadda aka kafa a 1951 kuma take da rassa a ƙasashe da dama, ko makarantar bazara ta Willie Clancy da ake yi kowane Yuli a garin Miltown Malbay na gundumar Clare tun 1973. Wanda ke nesa kuwa, malamai da yawa suna koyarwa ta bidiyo.

Mataki na bakwai: adanawa da ƙananan gyare-gyare

An ƙera waɗannan kaya ne don ƙasashe masu sanyi da laima, saboda haka wanda ya kawo konsatina Kano ko Zinder sai ya ninka kula. Busasshiyar iskar hunturu tana sa katako ya tsuke, firam ɗin harsuna su yi sako-sako a tsagarsu, ƙura kuma ta shiga tsakanin harshe da firam. Damina tana kawo tsatsa da fumfuna. Ka riƙa ajiye ta cikin akwatinta a rufe, zuga-zugin a matse, a kwance ta gefe, domin idan ta tsaya a kan fuska ɗaya leɓunan fata suna saki su rataya. Da hunturu ka sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji a kusurwar akwatin, yadda ba zai taɓa kayan ba, da damina kuma ka musanya shi da ƙunshin nan mai tsotse danshi. Kada ka bar ta a mota cikin rana, musamman mai harsunan akodiyon, domin a wasu da kakin zuma aka liƙa su.

Gyare-gyare uku mai kaya zai iya yi da kansa. Ka kwance kusoshin fuska ɗaya kawai a lokaci guda, ka jera su yadda kowanne zai koma raminsa. Idan sauti ya ɗauke, galibi ƙura ce, sai ka zura siririyar takarda ƙarƙashin harshen ka ja ta a hankali zuwa bakinsa. Idan yana kurman ƙara, ka duba ko firam ɗin ya zame, ka tura shi ya koma, in ya ƙi kamawa ka ƙara masa ɗan siririn yankin takarda a gefe, daga ƙarshe-ƙarshe ba daga tsakiya ba. Idan sauti yana fita ba a danna komai ba, to sifirin ya karye ko matoshi ya fita, don haka ka sayi 'yan sifirin da matosai tare da kayan tun farko. Wajen mayar da kusoshi, ka ɗaura su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, kada ka matse har katako ya tsage.

Kada ka sa mai ko man shafawa a ko'ina, kada ka taɓa harshe da zarto, kada kuma ka liƙe zuga-zugi da gam mai kamawa nan take, domin yana sandarar da fata ta karye a wurin. Idan kusurwa ta huje, baduku mai hannu zai iya yin faci da fatar akuya, da sharaɗin ya fefe ta ta yi siriri ƙwarai, musamman bakin-bakinta, ya kuma yi amfani da gam mai laushi wanda ake iya ɓamɓarewa daga baya. Daidaita sautin harsuna da sauya zuga-zugi gaba ɗaya kuwa aikin maƙerin konsatina ne, kuma idan za ka aika masa, ka haɗa da takardar da ka rubuta maɓallan da ke da matsala, da ko a turawa ne ko a ja.